Jakar da Baba Ya Ajiye a Kasuwar Maigatari

Abin da ya sa na ce wa Rabi, yarinyar da ke rubuta mini labarin rayuwata, ta ɗauko alƙalami mu koma kan shekarar da muka bar gidan Kaka Jatau, zanen Sani ne. Da niyyata in tsallake shekarar nan in wuce zuwa aurena, kamar yadda na saba tsallake ta a baki. To yaron nan ya tono ta, kuma tunda ya tono sai a ji ta da kyau. Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana don ta yi daɗi.

Sani jikana ne, ɗan 'yata Hajara, shi ne mai karatu a Kano. Da ya zo hutu ya taho da wasu littattafan Turawa waɗanda zane ya fi rubutu yawa a cikinsu. Yara suka baibaye shi a gindin darbejiya, ka yi ta kira ba mai amsawa. Na ce a miƙo mini in ga abin da ya hana a ɗebo mini ruwa. Wasu ƙarti ne cikin matsattsun kaya, wai ƙarfe ba ya cin su, wani ma tashi yake sama ba fiffike. Sani ya yi mini bayani cewa gida guda ne, ga uba, ga ɗa, ga 'yar ƙanin uba, kowa da tambari iri ɗaya a ƙirji. Babban cikinsu kuma yana da wani ɗan rakiya da ke biye da shi, yana riƙe masa kaya.

"To shi wannan na bayan," na ce, "in ya girma ana ba shi nasa suna?"

"Ai ba ya girma, Iya," in ji Sani. "Tun kafin a haife ni yake yaro."

Na ce a duk littafin nan wannan ce kaɗai maganar da na yarda da ita. Da a nan abin ya tsaya da ban ƙara cewa uffan ba. Sai ga shi wata safiya da babbar takarda, yana murmushi, wai mu ma ai muna da gidan jarumai, ya zana su. Ga Kaka Jatau a tsakiya da ƙirji kamar rumbu, ga ƙanensa Barau, ga kakan shi Sani na wajen uba, Iro, takobi ya lanƙwashe a cikinsa, dukkansu da jar hula. Yaron ya iya zane, ban hana masa ba. A can gefe kuwa, inda takarda ta kusa ƙarewa, ga wani ɗan mitsitsin mutum, an ja masa layuka a gefen hannuwa alamar rawar jiki, jaka tana faɗuwa daga kafaɗarsa.

"Wannan fa?"

"Mati Yada-Jaka ne, Iya. Wanda tsoro ya kama a Maigatari. Ai haka ake ba da labarin a gidan su Baba."

Hannuna ya yi ƙaiƙayi, amma ban mare shi ba, don ba laifinsa ba ne. Abin da aka shayar da shi ne ya amayar. Wannan ɗan mitsitsin da aka maƙale a gefen takarda ubana ne, kuma yau zan faɗi abin da ya yi, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Ƙauyenmu yana arewa da Gumel, kan hanyar Maigatari. Lokacin da nake faɗa Turawa ba su daɗe da kafa turakun da suka raba mu da mutanen Damagaram ba, kuma mu ba mu ɗauki turakun nan a bakin komai ba, kasuwarmu ɗaya, aurenmu ɗaya. Gidan Kaka Jatau gidan tauri ne tun kakanni. Ku na yanzu da ba ku ga abin ba sai ku ɗauka tatsuniya ce, malamai kuma sun ce a bari, ni ba na jayayya da malamai. Abin da idona ya gani dai shi ne a ja wuƙa a cikin mutum ta bar farin layi kawai, kamar an ja kara a jikin tukunya. Kowane namiji na gidan da ya sha magani ya kammala, ana ɗaura masa jar hula mai layu a goshi, makaɗa su yanka masa kirarinsa. Kaka Jatau shi ne wanda ƙarfe ya gani ya koma ruwa. Baba Barau kirarinsa ya fi na kowa tsawo, sai makaɗi ya huta a tsakiya. In suka shigo kasuwa a jere, mata kan bar ciniki su hau kan turame.

A bayansu kullum akwai mutum guda da ba shi da hula, ba shi da kirari. Babana Mati ɗan ƙanwar Kaka Jatau ne. Ubansa ya rasu yana goye, uwarsa ta dawo da shi gidansu, a nan ya tashi, ya yi noma, ya yi aure, ya haife mu. Amma dokar gidan ita ce magani jinin maza yake bi, ɗan mace ba ya sha. Rabon ɗan mace shi ne jaka. Burgami ce ta fatar baƙin bunsuru da gashinta, a ciki akwai layu da guraye da ƙulle-ƙullen garin magani na kowa da kowa. Sharaɗinta guda ne, kuma duk ɗan tauri daga Gumel har Damagaram ya san shi: daga fitowa gida har a koma, jaka ba ta taɓa ƙasa. In ta taɓa, maganin gidan ya kwanta a ranar, wasa ya tashi, ba ɗan taurin kirki da zai ɗora ƙarfe a jikin wanda jakarsa ta faɗi. Wanda ya yar da ita kuwa ya gama yawo a cikin mutane.

Don haka Baba a kan cinya yake ɗora ta in zai ci abinci. In zai yi salla sai ya nemi reshe ya rataye ta, in ba itace kusa ya kafa wata gwafa da yake yawo da ita. Shi ke wasa wuƙaƙe, shi ke jiƙa magani, shi ke ɗaura wa kowa hula, shi ke zuwa gaba ya nemo masu masauki. Tun bai yi gemu ba yake wannan aiki, har furfura ta fara fito masa, kafaɗarsa ta hagu ta sauka ta bar ta dama a sama. Sunansa kuwa a gidan Yaro. Yaro kawo ruwa, Yaro ina wuƙata. Mutum da 'yarsa budurwa, yara ƙanana na gidan su ma Yaro suke ce masa, ba wanda ya taɓa kwaɓarsu. Innata kan cije leɓe in ta ji. Ni kuwa tun ina ƙarama abin ke ci mini rai, har yau da nake faɗa bai daina ba.

A shekarar da nake magana an shirya fitar da Iro fage. Iro shi ne autan Kaka Jatau, ɗan tsufa, saurayi ne kyakkyawa kuma ya san da haka. Taubashin Baba ne, tunda ɗan kawunsa ne, kuma duk da tazarar shekaru suna taɓa wasa. A bayan Baba ya girma, in ana tafiya mai nisa Baba kan saɓa jaka a kafaɗa ɗaya, Iro a ɗaya. Tun farkon damina aka soma ba shi magani, da sharaɗin gidanmu cewa aska ba za ta taɓa kansa ba sai bayan ya fita fage. Kafin girbi sumarsa ta yi buzu-buzu kamar ta mahaukacin kasuwa. To akwai wata yarinya a Gagarawa da yake zuwa wurinta zance, mai baki ce, ta ce masa ita ba ta hira da tunkiyar da ba a yi wa sausaya ba. Shi ke nan fa. Jarumin gobe, magajin gidan Jatau, ya je ya zauna gaban wani wanzamin Gagarawa da bai san shi ba, aka yi masa ƙwal. Ya dawo gida da rawani, ya ce kansa ke ciwo. Saboda maganar yarinya aka zubar da maganin damina guda.

Kaka Jatau kuwa ya riga ya aika wa wani gidan tauri na Damagaram cewa a haɗu a kasuwar Maigatari, kowa ya kawo sabon fitowarsa. Yadda ake yi, babban wancan gida ya ja takobinsa a cikin yaron wannan gida da iyakar ƙarfinsa, babban wannan gida ma ya yi wa na wancan haka. Ba wasan yara ba ne. Labari ya bazu, har Fulanin da ke mashekari a yammacin gari suka baro shanu suka zo kallo. Ni aka tafi da ni don in dama wa mazan fura, ina budurwa a lokacin.

Ranar kasuwar da hantsi muna bayan rumfar masu fata, na kawo ƙwarya, Baba ya ce wa Iro ya warware rawani a ɗaura masa hula. Iro ya yi ta noƙe-noƙe. Baba ya sa hannu ya warware da kansa. Sai ga kai yana ƙyalli, ɗan gashin da ya fara tsirowa bai kai na jariri ba. Na ga fuskar Baba ta canza. Bai yi faɗa ba. Ya zaro 'yar ƙaramar wuƙa, ya kama hannun Iro, ya ɗan goga ta a bayan damtsensa, gogawar da ko tumatir ba za ta ji ba. Jini ya tsatso.

"Kande, kira mini Kawu," in ji shi.

Kaka Jatau ya zo da Baba Barau a bayansa. Ya dubi kan, ya dubi jinin. Baba ya durƙusa da jaka a cinyarsa.

"Kawu, ku janye Iro yau. Ku ce zazzaɓi ya kama shi, a sa wata rana."

"Zazzaɓi? A gidana? Yaro, yaushe mai jaka ya fara ba da shawara?"

"Kawu, jini ne fa kuke gani."

"Na gani, ba makaho ba ne ni. Ƙara masa laya a ƙugu, ka danna masa hula ta rufe kan. Jinin gidan nan ya isa ya tsare shi."

"In bai tsare ba fa?"

"To ya sha abin da ya dama. Na riga na buɗe baki a gaban mutanen Damagaram. Gara in mayar da shi gida a kan makara da in mayar da shi da ƙafarsa ana nuna mu da baki."

Uba ne fa yake faɗin wannan a kan ɗan cikinsa, yaron yana tsaye yana ji. Baba ya juya wajen Baba Barau ko zai sa baki. Mai dogon kirari ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa, igiyar da ba abin da ya same ta. Baba ya miƙe, ya ɗaura masa hular, ya ja ta har kan gira, ya ƙara masa layar kamar yadda aka umarce shi. Na ga ya ɗan daɗe da tafin hannunsa a kan ƙeyar yaron kafin ya saki.

Bayan azahar aka buɗe fage a filin da ke gefen kara, inda ake tsayar da shanu. Mutane sun yi da'ira, wasu a kan katanga, wasu a kan raƙuma. Ganguna na tashi ta ɓangare biyu. Aka fara da yaron Damagaram. Ya tsaya ya ɗaga hannuwa, Kaka Jatau ya ja masa takobi a ciki har sai da ya yi nishi, ba abin da ya fito sai farin layi. Kasuwa ta ɗauki ihu. Sai babbansu ya fito, wani dogon Badamagare mai tsage a kumatu. Ya sa aka rataye cinyar bijimi a jikin turke, ya ɗan shafe ta da takobinsa, ta rabe biyu har ƙashi. Sa'an nan ya juyo yana wasa da takobin, ya ce a kawo masa ɗan gidan Jatau.

Iro ya shiga fage. Daga nesa sai ka ce jarumi, ga hula ga layu. Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashin hular. Ya ɗaga hannuwa sama, cikinsa a buɗe, Badamagaren ya gyara tsayuwa ya ɗora kaifin a gefen cibiyarsa. Makaɗanmu suna ta yanka masa sabon kirari, Kaka Jatau ya harɗe hannu yana kallon sama.

Ina tsaye a gefen Baba, kafaɗata tana gogar hannunsa, saboda haka kada wani ya ce mini an ce. Baba bai yi rawar jiki ba. Ya sa hannun dama ya cire maratayin jakar daga wuyansa, ya tako zuwa cikin fage inda kowa zai gan shi, ya sunkuya, ya ajiye ta a ƙasa da hannu biyu, a hankali, yadda mace ke ajiye ƙwaryar nono. Sa'an nan ya miƙe ya tsaya a kanta.

Gangar Damagaram ce ta fara yin shiru, tamu ta biyo. Badamagaren ya waiga ya ga jaka a ƙasa, ya ɗauke takobinsa daga cikin Iro, ya tofar da yawu, ya mayar da shi kube. Wasa ya tashi. Yawancin mutane idonsu yana kan takobi, ba su ga saukar jakar ba, sai dai suka gan ta a ƙasa. Kaka Jatau kuwa ya gani sarai, kuma tsohon nan kansa yana ja. Kafin kowa ya buɗe baki ya ɗora hannu a ka ya kwarma ihu.

"Wayyo, Yaro ya kashe ni! Ya ga takobi tsoro ya kama shi, hannunsa ya saki! Jama'a ku shaida, ɗana a tsaye yake, mai jaka ne ya yar da mu!"

Nan take ya samo wa gidansa mafita, ya ɗora ta a kan ɗan ƙanwarsa. Makaɗan Damagaram ba su ɓata lokaci ba, suka juya kiɗa suna cewa Mati yada jaka, ka ga ƙarfe ka saki. Kasuwa ta fashe da dariya. Wani ya jefo ɓawon rake ya sami Baba a kafaɗa. Ni kuwa wuta ta taso mini, na yi tsalle na shiga fage ina cewa ƙarya ne, ajiyewa ya yi, ku cire wa Iro hula ku gani. Hayaniya ta danne muryata, amma Baba ya ji. Ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini ba.

"Kande, ɗauki ƙwaryarki."

A cikin mutanenmu ba wanda ya yarda ya taɓa jakar. Wanda ya zo shi ne mai jakar gidan Damagaram, wani tsoho da kafaɗarsa ta karkace irin ta Baba. Da tasa jakar a wuya ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauko tamu, ya kakkaɓe ta, ya miƙa wa Baba. Na ji abin da ya ce masa ƙasa-ƙasa.

"Sannu, ɗan'uwa. Na ga yadda take zaune, bakinta a sama, ko laya ɗaya ba ta zube ba. Allah ya saka maka."

A duk kasuwar Maigatari mutum ɗaya ne ya yi wa ubana sannu, shi ma baƙo.

Washegari Kaka Jatau ya tara gida a zaure, ya karɓe jaka, ya ce gonar da Baba ke nomawa ta gidan ce, ta koma hannun Barau. Gero yana ɗaure dami-dami a cikinta, guminmu ne, ko zangarniya ba a ba mu ba. Ya ce wanda ya kunyata gidan ba zai ƙara kwana a cikinsa ba. Iro yana zaune a kusurwa da rawaninsa, yana zane a ƙasa da tsinke. Innata ba ta shiga zaure, amma ranar sai da ta tsaya a bakin ƙofa, muryarta har waje.

"Mati, buɗe bakinka! Tashi ka fizge rawanin nan kowa ya gani! Ka yi masu bauta tun kana yaro, yau su kore ka da sunan matsoraci kana zaune?"

Sai da muka koma ɗaki muna ɗaure kaya Baba ya yi magana.

"In na cire masa rawani, me na hana ke nan jiya?" ya ce mata. "Takobi sau ɗaya zai yanka shi. Wannan kuwa kullum ne. Yaro ne, da sauran rayuwa a gabansa. Ni na riga na saba da tsayuwa a baya."

"Mu fa? Mu ma mun saba?" in ji Inna.

Ni ma har yau ina ganin a nan Baba ya zalunce mu kaɗan, ya yi kyauta da abin da ba nasa kaɗai ba ne. Sunansa ai mu ma shi muke amsawa. Amma ya kira ni gefe ya sa na yi masa alkawari cewa muddin Iro yana numfashi, maganar aski ba za ta fito daga bakina ba. Na yi alkawarin ina kuka don haushi.

Muka koma wajen dangin Inna, kusa da Sule Tankarkar, da jaki ɗaya na aro. Baba ya sari daji ya yi sabuwar gona a tsakiyar rairayi, da rani yana tufka igiya yana kaiwa kasuwa. Shekarar farko mun ci tafasa da rama fiye da tuwo. Waƙar kuwa ta riga mu isa. In na je rijiya sai 'yan mata su fara ta ƙasa-ƙasa, ka ga ƙarfe ka saki, har na fasa wa wata tulu a ka aka kai ƙara wurin mai gari. Saurayin da ya fara kawo gaisuwa gidanmu ƙafarsa ta ɗauke. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne Baba ya daɗe in zai ci tuwo sai ya buɗe cinya kamar zai ɗora wani abu, in zai ta da salla sai ka ga yana waige-waigen reshe. Kafaɗar nan ba ta taɓa komawa daidai ba.

Iro kuwa aka sake ba shi magani a ɓoye da damina ta zagayo, wannan karon ya riƙe sumarsa. Ya fita fage, ya tsaya, ya yi suna har Damagaram, bayan Kaka Jatau shi ya gaji gidan. Ba na hana masa, ya zama ɗan tauri na gaske. Sai dai duk inda makaɗa suka yi kirarinsa sukan haɗa da cewa shi ne wanda ya tsaya a Maigatari ranar da mai jaka ya saki jaka, shi kuma yana jin su yana ba su kyauta. Bayan shekaru, ina da 'ya'yana har sun tasa, sai ga shi a ƙofar gidan Baba, shi kaɗai, ba makaɗi, da ƙullin goro. Ina gidan ranar. Baba yana tufka, ya ɗago ya dube shi ya yi dariya.

"A'a, taubashi! Gashi ya tsiro?"

"Ya tsiro, Yaya Mati."

Iyakar abin da suka taɓa faɗa wa juna a kan maganar ke nan. Shi ne kuma karo na farko da wani ɗan gidan Jatau ya kira ubana da abin da ba Yaro ba, shi ma a inda ba mai ji sai ni da akuya. Abin da ya kawo shi, yana nema wa ɗansa Habu auren 'yata Hajara. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan ba da ita gidan da ake rera waƙar ubana ba. Baba ya ce, "Ba shi, Kande. Bakinsa ne ya kasa, shi ya sa ya turo ɗansa." Na bayar, ba don raina ya so ba.

Ranar da Baba ya rasu Iro ya zo da jama'arsa. Ya kama gaban makara, aka yi aka yi ya bari a karɓe shi ya ƙi, har bakin kabari, ga shi shi ma ya fara manyanta. Da aka dawo zaman gaisuwa na sa aka kira mini shi bakin zaure, na ce, "Baba Iro, ga mutanen Gumel, ga na Maigatari, ga na Gagarawa, duk sun taru. In akwai ranar da za ka faɗa, yau ce." Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya gyara murya, na ce alhamdu lillahi. Sai ya dubi yaransa masu jajayen huluna a zaune a gabansa, ya ce, "Allah ya jiƙan Mati, mutum ne mai haƙuri." Mai haƙuri! Mutumin da ya tsaya wa takubba a kasuwanni ba adadi ya kasa tsaya wa magana guda. Na juya na shige ciki, ban ƙara yi masa maganar ba har ya bar duniya.

Da daminar bara Iro ya rasu, Allah ya gafarta masa, da gaske nake. Alkawarina ya ƙare a kabarinsa, na riƙe shi fiye da yadda ya cancanta.

Saboda haka, Sani, in Rabi ta karanta maka wannan, ka ɗauko takardarka. Ban ce ka goge Kaka Jatau ba, ban ce ka rage wa kakanka Iro ƙirji ba, bar masu jajayen hulunansu. Ban kuma ce ka zana ubana yana tashi sama ba, bai taɓa tashi ba, mutum ne gajere mai karkatacciyar kafaɗa da ƙarfe ke yanka kamar kowa. Ka dai ciro shi daga gefen takarda, ka goge layukan nan da ka ja masa a hannuwa, ka zana jakar a zaune a ƙasa, bakinta a sama. In kana zanen ka dubi hannun da ke riƙe da fensirin. Iro bai yi aure ba sai bayan Maigatari, Habu ubanka bayan nan aka haife shi. Da ubana ya riƙe jakar nan a kafaɗarsa kamar yadda aka umarce shi, da babu wanda zai zana shi yana rawar jiki.